Mai Bargo a Firjin Nama na Gwanzu

Tun da na dawo daga Chana ba ku bar ni na huta ba. A masallaci, a bakin rumfa, har a wajen zaman makoki sai da wani ya matso ya raɗa min, "Alhaji, wai da gaske an kulle ka a firji?" Ba kulle ni aka yi ba, da ƙafata na shiga. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ɗauki biro da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Bari in fara da wautata kafin wani ya riga ni. Ni ne mutumin da ya sa tela ya ɗinka wa 'yarsa kwat da bargo.

Sa'adatu ce, autata. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tana karatun likita can arewacin Chana, garin da in ka shanya wanki a waje sai ka ɗauke shi a sandare kamar kwali. Ni kuwa tun ina saurayi bargo nake sayarwa a kasuwar Kwari, kuma a wurinmu bargo nauyinsa shi ne darajarsa. Da ta yi min kukan sanyi, sai na zaɓo wanda ya fi kowanne nauyi a shagona, mai hoton damisa, na kai wa tela. Kan damisar ya faɗo daidai a gadon baya. Na aika mata ina ta jin daɗin kaina.

Yarinya mai biyayya, ta saka. 'Yan ajinsu suka fita hawan dutse lokacin dusar ƙanƙara, wurin da mutane ke ɗaura katako biyu a ƙafa suna sulu daga sama zuwa ƙasa. Ta hau da damisata a baya, ta yi gumi sharkaf, suka isa sama iska ta ratsa bargon kamar babu shi. Daga nan sai gadon asibiti, ciwon haƙarƙari ya kama ta. Ba mu ji ba sai da ta fara tashi.

Hajiya, mahaifiyarta, ba ta yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ta yi, "Ka je ka gan ta da idonka. In ba za ta iya sanyin nan ba, ka taho min da ita. Likitancin ba dole ba ne." Ni kuwa ni na tsaya kai da fata aka tura ta, alhali yayana yana cewa a gaban dangi ba za ta yi nisa ba za ta dawo. Sai na yi wa Hajiya alkawari zan zaɓo rigar da iska ba ta ratsawa, da hannuna, yarinya ta ƙarasa karatunta. Sa'adatu ta ce a waya, "Baba, nan ma akwai, zan saya." Na ce, "Uwata, ke allura kika sani. Yadi nawa ne."

Ban tashi tafiya ba sai daidai lokacin da suke wasannin Olamfik. Biza ta zama abin da ta zama. Na yi ta zarya Abuja har direbobin tasha suka fara ce min ɗan gida. A kawo wannan takarda, a kawo waccan, a kawo shaidar inda za ka kwana, a kawo shaidar za ka dawo. Na ce wa yarinyar da ke bayan gilashi, "'Yata, dubi gwiwar nan tawa. Gudu zan je yi musu?" Ba ta yi dariya ba. Daga ƙarshe dai aka buga min ta 'yan kwanaki.

Jirgi kuwa ba abin da zan ce sai dai Allah ya isa tsakanina da kujerarsa. Muka sauka Addis, muka zauna har ƙafafuna suka kumbura, muka sake hawa. Wanda ke kusa da ni ya yi barci a kafaɗata tun daga tashi har sauka, bai san ni ba, ban san shi ba, ya bar min yawu a babbar riga.

A filin jirgin Guangzhou, da mu muke ce wa Gwanzu, jami'in ya dubi fasfo, ya dube ni, ya ce in cire hula. Na cire. Ya sake duban hoton, ya ga da hula a ciki, ya ce in mayar. Na wuce wannan sai wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata kamar mai jiran sadaka. Aka buɗe. Kilishin da Hajiya ta ƙulla wa 'yarta, da dambun nama, duk aka kwashe. Daddawa ce ta tsira. Suka buɗe ƙullin, suka shinshina, suka ɗaure da sauri suka miƙo min abata.

Wanda ya tarye ni Alhaji Isuhu ne, mutumin Maraɗi, ya daɗe a can yana loda wa 'yan kasuwa kwantena. Muna fita daga filin jirgin wani zafi ya rungume ni. Ba irin namu ba ne da za ka shiga inuwa ka huta. Nasu kamar ka leƙa tukunyar dambu ne, har cikin inuwar.

Isuhu ya ce, "Bakano, mi kaka nema cikin zahin ga?"

Na ce, "Rigar sanyi."

Ya tsaya ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Tahiyar ta taɓa ka. Mu je ka kwanta."

Masauki a Danfan ya sama min, unguwar da ke manne da Shawbe inda mutanenmu suke hada-hada. Otal-otal da yawa a lokacin ba sa karɓar baƙi irinmu, sai su kaɗa hannu su ce "meyo", wato babu. Ɗakin da aka samu yana can sama, ba lif, matakala ƙunci kamar ta hasumiya. Kafin in ajiye jaka sai da muka je ofishin 'yan sanda aka rubuta cewa ga ni, ga inda nake. Isuhu ya ce fasfo kada ya bar jikina ko banɗaki zan shiga, don ana tare mutane a hanya. Na sa shi a aljihun 'yar ciki, ya yi ta shan gumi har ya lanƙwashe. Gado kuwa katako ne da aka lulluɓa wa zani don kunya. In ka wanke riga ba ta bushewa, sai dai ta sake wari.

Abinci, Isuhu ya kai ni wurin wasu Musulmin Chana masu farar hula, suna jan taliya da hannu a gabanka. Aka kawo min da tsinke biyu. Na gwada, taliyar ta gudu. Na sake, ta faɗa min a cinya. Na ajiye musu tsinkensu na wanke hannu na yi bisimilla, duk shagon suka daina ci suna kallona, na ɗaga musu loma na gaishe su. Kuma cikin wannan zafin in ka nemi ruwa, mai zafi za su ba ka. Mutane ne da ba sa gaisuwa. Ka yi karo da mutum a matakala kullum, ba zai tambaye ka gajiya ba. Amma da safe tsofaffinsu, sa'o'ina, suna taruwa a fili suna ɗaga ƙafa sama a hankali kamar zalɓe. Na tsaya kallo, gwiwata ta ce min mu tafi.

Neman riga na fara shi ni kaɗai, don ban ga abin da Isuhu zai koya min a kan yadi ba. Na shiga dogayen benayen Shawbe hawa-hawa. Kayan zafi ne ko'ina, na mutanenmu: shadda, takalma, wayoyi. In na rungume jikina ina karkarwa don su gane, sai su ce meyo, idonsu na kan talabijin, inda wasu ke faɗawa ruwa daga sama. Daga ƙarshe na samu wata jibgegiya, na ɗaga na ji hannuna ya yi ƙasa, na ce yawwa. Na kai wa Isuhu, wanda na riga na ba shi labarin damisa.

Ya juya ta, ya ce, "Wagga ai damisar ce ta dawo, ba ta da kai kawai."

Washegari ya ajiye aikinsa ya kai ni Fanyu, can kudu inda masana'antu suke. Mota, sannan jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ƙofarsa ta kama min bakin babbar riga na tsaya a manne har tasha ta gaba. Wurin wata mata ce da ke ɗinka wa Turawa kayan hawan dutse. Isuhu yana ce mata "lawban", wato shugaba. Gajeruwa ce, da almakashi rataye a wuya. Shi ke fassara, da Chanancinsa da ya fi kama da faɗa.

Na ba ta labarin damisa. Ba ta yi dariya ba, sai ta tambayi abin da yarinyar ta sa a ƙarƙashi. Na ce rigunan auduga masu kyau, ni na saya. Ta rufe ido ta girgiza kai. Isuhu ya ce, "Ta ce auduga in ta sha zuhwa ba ta saki. Mutum na tahiya da jiƙaƙƙen tsumma a ƙirji."

Ta ɗauko riguna biyu. Ɗaya mai laushi, gashi-gashi ciki da waje, ita suke kira fulis. Na taɓa na ce wannan ai ɗan'uwan bargo ne, sai dai ba nauyi, an cuci mai saye. Ɗayar mai santsi a waje, tana miƙewa in ka ja, da ɗan gashi a ciki, sunanta sofshel. Na ɗaga su biyun a hannu ɗaya, ko rabin bargon yara ba su kai ba. Na ce wa Isuhu mu tafi.

Matar ta riƙe min hannun riga. Ta kunna laita, ta sa a bayan mai gashin, ta ce in hura. Na hura, wutar ta kwanta. Ta sa a bayan mai santsin. Na hura, na sake hurawa har jijiyar wuyana ta tashi, wutar ko motsi. Sannan ta karɓi jibgegiyar da na saya a Shawbe ta yi mata haka. Hurawa ɗaya wutar ta mutu. Ta zuba ragowar shayinta a kan mai santsin, ya dunƙule ya gangara ƙasa.

Bayanin da ta yi, yadda Isuhu ya juya min shi: mai gashi tana riƙe ɗumin jiki kuma tana barin gumi ya fita, amma iska ba ta jin kunyarta. Mai santsi tana tare iska da yayyafi da dusar ƙanƙara, tana ɗan numfashi, amma ita kaɗai ba ta isa tsananin sanyi ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana cin ta. Mai hawan dutse ba riga ɗaya mai kauri yake so ba, hawa-hawa yake so. Siririya a jikin fata wadda ba auduga ba, mai gashi a kai, mai santsi a waje. In yana hawa ya ji zafi ya zuge zif ko ya cire ɗaya, in ya tsaya ya mayar kafin gumin ya huce. Ta nuna min zif a ƙarƙashin hammata. Na ce wannan kuma na mene ne, aljihun ɓarayi? Ashe taga ce ta fitar da zafi.

Sai ta tambayi girman yarinyar. Na ce a ba ni mafi girma. Haka muke yi, kun sani. In za ka saya wa yaro riga ka sayi wadda zai girma a ciki, ga kuma sutura. Ta ce a'a, in ta yi yawa iska ta ƙasa za ta shiga, ɗumin ya gudu. Ta kira matan da ke ɗinki suka jeru, wai in nuna wadda ta yi jikin 'yata. Ni, da furfurata, a ce in tsaya ina ƙare wa matan mutane kallo! Na dubi silin, na dubi ƙasa, Isuhu yana ta shaƙe dariya. Na dai nuna wata mai ɗan jiki da gefen ido, don haka na san Uwata, kumatu cike.

Na karɓi rigunan, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Laita ba dutse ba ce. Na riga na cuci yarinyar nan sau ɗaya da abin da na tabbata da shi, kuma abin da zan faɗa wa Hajiya ya rataya a kan 'yan tsummokaran nan marasa nauyi. Ta yaya mutum zai gwada rigar sanyi a garin da kwalta ke narkewa?

Nan ne firjin ya shigo. Akwai mai naman halal a bayan Danfan, Bachanishe Musulmi, yana da ɗakin sanyi da yake rataye raguna, da wata fanka a ciki mai hura iskar ƙanƙara. Isuhu ya roƙe shi. Mutumin ya dube ni, ya dubi rigunan mata a hannuna, ya buɗe ƙofa.

Na tuɓe babbar riga na fara da jibgegiyar Shawbe. Isuhu daga bakin ƙofa ya ce, "Ba tsayuwa za ka yi ba, ɗiyarka hawa ta yi. Taka!" Na shiga taka ƙafa a tsakanin raguna kamar sabon ɗan sanda. Da gumi ya karyo, ya ce in tsaya gaban fankar. Jama'a, na ji abin da Uwata ta ji. Kamar an watsa min allurai a haƙarƙari. A nan dariyar ta ƙare min. Ni na ɗan tsaya ne, ƙofa a buɗe a bayana. Ita a kan dutse take, a ƙasar da ba ta da kowa, kuma ba ta cire ba don ni na aika.

Na fito na huce, na sa mai gashi ita kaɗai. Da ɗumi, amma gaban fankar sai ta bar ni. Na ɗora mai santsi a kai, zif bai rufe tumbina ba sai da Isuhu ya taimaka. Na taka, na buɗe tagar hammata, na rufe, na tsaya gaban fankar. Iskar tana bugun rigar ina jin ƙararta, ba ta iso ni ba. Hancina da kunnuwana ne kawai suka mutu. Na fito na tarar da mutane sun taru, har da wani mutumin Kumasi mai lodin kaya da ya ce, "Baaba, a kilo nawa za a sayar da kai?" Murar da na kwasa a nan ita kuke ji a muryata har yau.

Sa'adatu ta zo a jirgin ƙasa, suna hutu. Na tsaya a tasha ina neman mai kumatu. Wata siririya ta zo ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, sannu da zuwa." Sai da na dubi idon na gane ta.

A ɗaki na ba ta daddawarta, na ba ta labarin kilishi, ta yi dariya har tari ya tsayar da ita. Na yi kamar ban ji tarin ba. Na fito da rigunan. Ta saka. Hannun ya wuce yatsunta, kafaɗar ta zubo, mutum biyu za su shiga. Na ce, "Za ki ciko ai." Ta ce, "To, Baba."

Muka koma Fanyu tare. Ita da lawban suka yi ta Chananci, na zauna a kan kwali kamar kayan da aka manta. Ta zaɓi ƙarama mai kama jiki, amma mai tsawo ta baya, da hular da za ta hau kan hijabi ba ta matse ba. Ta ɗaga hannu sama ta ga ba ta ɗage ba, ta tsuguna, ta miƙe. Ta ƙara da 'yan siraran na ciki. Duk abin da na sha firji na koya, ashe ta sani. Na ce, "Uwata, kin san duk wannan kika sa damisa?" Ta ce, "Kai ka aiko."

A 'yan kwanakin da muka yi na kai ta cin tuwo a wani gida da matar wani Banijare ke dafawa a ɓoye a hawa na sama. Ta ci kamar ba za ta daina ba. Ta tambayi mamanta, ta tambayi bishiyar gwaibar gidanmu, ta tambayi 'yar yayarta da aka haifa ba ta nan. Ni kuwa ina ta ba ta labarin yadda yayana zai ji kunya ranar da ta dawo da takardar likita.

Ranar komawarta na raka ta tasha. Ga cunkoso, ga zafi. Ta rungume ledar rigunan. Da aka fara shiga ta juyo ta ce, "Baba…" Na ce, "Kada ki manta, in kina hawa ki buɗe na hammata, in kin tsaya ki rufe. Kuma ban da auduga." Ta dube ni, ta ce, "To, Baba." Ta durƙusa, ta shige cikin mutane.

Dawowa irin tafiyar ce, sai dai wannan karon ni na yi barci a kafaɗar wani.

Na iso gida na zauna na ba Hajiya labari tun daga kan karen. Na yi mata laita, na yi mata shayi, na tashi na taka mata yadda na taka a tsakanin raguna. Na ce ta kwantar da hankalinta, na bar yarinya da rigar da iska ba ta ratsawa, na gwada da jikina, za ta zauna ta ƙarasa. Ta saurara har na gama, tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Alhaji, ka tambayi mai shago, ka tambayi mai nama, ka tambayi fanka. Ita ka tambaye ta ko tana son zaman?"